Hoton da na Cire Daga Kantar Papa

Wasunku sun rubuto mini cewa ba su ga abin kunya ba don bazawara ta so namiji. Ni ma ban ce akwai ba. Shekarata ashirin da tara, mijina Wiebe ya fi shekara biyu da rasuwa, kuma a garinmu Sneek ba mai waiwayowa don ya gan ni da wani a kan keke. Ba son ne ya hana ni haɗa ido da mutane tun ranar Lahadi ba. Abin da na yi wa 'yata ne. Ku bari in kai ƙarshe kafin ku fara zagina.

A falonmu, gab da taga, akwai tebur da kwamfutar Wiebe a kai, irin mai faffaɗan allo da ba a ɗauka a fita da ita. A can ƙasan allon akwai jerin ƙananan hotuna, kowanne ka danna sai manhajarsa ta buɗe. Wiebe ne ya jera su da hannunsa, shi ya sa 'yata Hiske take kiran wurin "kantar Papa". Ta haddace su tsaf, tun daga fure mai launuka inda hotunansa suke har kwandon shara da ke ƙarshe. Kullum bayan abincin yamma sai ta hau kujerar da gwiwoyinta, ta bi su da yatsa ɗaya bayan ɗaya, sannan ta danna furen ta gaida ubanta. Ni ma a kan kwamfutar nake aiki, ina amsa saƙonnin masu sayen irin furanni, amma ban taɓa matsar da komai daga inda ya bar shi ba.

Tjerk kuwa malamin iyon Hiske ne. Bayan gidanmu ruwa ne, hanyar makarantarta ma ruwa dama da hagu, don haka kowace Asabar muna wurin koyon iyo, ko ana zabga ƙanƙara. Amma yarinyar nan ta tsani nutso. Akwai tamfol mai rami a tsakiya da ake ratayawa cikin ruwa, dole yaro ya nutse ya bi ta ramin, ita kuwa sai ta tsaya a baki tana makyarkyata tana hawaye. Tjerk ne ya faɗa ruwan da rigarsa, ya bi ta ramin, ya fito yana tarin ƙarya yana cewa, "Hiske, ki taimaki tsoho, na bar takalmina a can ƙasa!" Ta yi dariya har ta sha ruwa, kuma a ranar ta nutse. Dogo ne, hancinsa a karkace tun wata faɗuwa da ya yi a kan ƙanƙara, kullum yana warin maganin ruwan iyo. Daga gahawar injin bakin ƙofa muka fara. Daga nan sai saƙonni.

Da farko a waya muke hira. Sai Hiske ta fara iya karatu, ya zama ba abin da ke tsira a idonta, ko kwalin madara ne, ko rubutun jikin bas. Wata safiya ina shafa mata man gyaɗa a burodi na ji tana haɗa baƙi a bayana: "Na... yi... ke... war..." Wuf na fizge wayar har wuƙar ta faɗi ƙasa. A ranar na goge manhajar hirar daga waya, na sa ta a kwamfuta, wai ni mai dabara.

Da yamma ta hau kujerarta. Yatsanta ya bi layin, ya tsaya cak.

"Mama, wa ya sa wannan a kantar Papa?"

Wani ɗan hoto ne ruwan lemo, ya raɓe kusa da kwandon shara.

"Na aiki ne," na ce, ina ta goge tukunyar da ta riga ta bushe.

"Na masu furanni?"

"Eh."

"To ki gaya musu nan ba wurinsu ba ne."

Don ku gane nauyin wannan "eh" ɗin, sai na faɗa muku wani abu. Lokacin da Wiebe ke asibiti, ni na durƙusa a gaban Hiske na gaya mata ba zai warke ba, don ban so ta ji a bakin wani. A ranar na yi mata alkawari cewa duk abin da ta tambaye ni gaskiya zan faɗa mata, komai ɗacinta. Ta riƙe alkawarin nan gam. In likita zai yi mata allura, ni take kallo ta ce, "Da zafi?" In na ce da zafi kaɗan, sai ta miƙa hannu.

Laraba ranar Beppe ce, wato kakarta, uwar Wiebe; kakan kuma Pake muke ce masa. Ita ke ɗauko ta daga makaranta ta riƙe ta har yamma. Da na ga gidan ya zama nawa ni kaɗai, na zauna na kama ɗan hoton nan ruwan lemo da linzamin kwamfuta, na ja shi waje, ya ɓace. Na ce shi ke nan. Na buɗe manhajar in gaida Tjerk, sai ga shi ya dawo wurinsa, har da ɗan ɗigo a ƙarƙashinsa, kamar kyanwar maƙwabta da aka kora daga kicin. Na sake ja, ya sake dawowa. Ashe muddin manhaja tana aiki, sai hotonta ya fito.

Na shiga intanet na rubuta tambayata ina waigen taga, don labulenmu a buɗe yake kamar na kowa a layin. Mutane da yawa sun riga ni tambaya, yawanci wai allonsu ne ya cika da tarkace. Ni dai na san nawa dalilin. Wani ya yi bayani dalla-dalla: a shiga can cikin manhajar, a buɗe wani fayil da ba a yi shi don irina ba, a ƙara wasu kalmomi. A ƙasa ya yi gargaɗi cewa in an yi haka, ba hoton kaɗai zai tafi ba, har sunanta da ke fitowa a saman allo, inda ake kashe ta, shi ma ba za a ƙara ganinsa ba. Na karanta da idona, amma ban tsaya tunani ba. Na kwafa, na liƙa, na ajiye.

Ya ɓace. Ga tagar hirarmu a buɗe, ga kantar Papa kamar yadda Wiebe ya bar ta. In ina son Tjerk sai in rubuta sunan manhajar a wurin bincike, ta fito. Na jingina da kujera ina murmushi. Eh, murmushi na yi. Wannan ne ya fi ci mini rai yanzu.

Da Beppe ta dawo da Hiske, ta tsaya a ƙofa cikin jar rigar ruwanta, gajeren farin gashinta ya jiƙe, tana ƙare mini kallo.

"Kumatunki sun ciko," ta ce. "Akwai wani ne?"

"Wani wa?"

"Namiji, Jildou. Kin san su ai, masu manyan takalma. In akwai ki faɗa. Ɗana ne ya mutu, ba ke ba. Abin da ba na so shi ne in ji a bakin mai burodi."

"Babu kowa, Beppe."

"To. Ranar Lahadi, bikin haihuwar Hiske, ki rage sukari, Pake ba ya jin magana in ya ga kek."

Kun gani? A sarari ta ba ni dama, na ƙi ɗauka. Ba Beppe nake tsoro ba. Na san in ta ji, kafin sati Hiske ta ji, don matar nan ba ta iya kwana da magana a ciki. Fuskar Hiske nake tsoro. Ina so ta cika shekara bakwai cikin farin ciki, ba tare da wani ya tsaya tsakaninta da ubanta ba. Haka na riƙa gaya wa kaina.

Ranar Asabar bayan mun dawo daga iyo, Hiske na sama tana wasa, na buɗe hirar na tarar da saƙonsa.

*Yau ma na kalli yarinyar nan na ce mata "ki gaida Mama", kamar ban san kalar kicin ɗinku ba. Na gaji, Jildou.*

Na rubuta, *Ka ƙara mini lokaci.*

*Tun kafin ganye ya zube kike faɗar haka. Ba kujerar Wiebe nake nema ba. So nake in daina zama abin da ake turawa ƙarƙashin gado in an ji sallama.*

Na ga alamar yana rubutu, ya tsaya, ya sake farawa. Na tabbata sallama zai yi mini. Kafin ya gama na riga shi.

*Na gaya mata. Yanzun nan, a wurin wanka. Su Beppe ma sun sani.*

*Da gaske? Me ta ce?*

*Ta yi murna.*

Ya turo mini jajayen zukata har suka cika layi. Na ce a raina, ranar Litinin zan gaya mata, biki ya wuce tukuna, ƙaryar kwana biyu ce kawai. Injin gasa kek ya yi ƙara a kicin, na danna jan ɗigon da ke rufe tagar hirar, na tashi da sauri. Da hoton yana nan, da na ga ɗigon ƙarƙashinsa na tuna manhajar ba ta mutu ba. Amma ni da hannuna na cire abin da zai tuna mini.

Ranar Lahadi na sa shuɗiyar rigata mai fararen ɗigo, na ɗaure gashina sama. Hiske ta sa rigar rawaya da ta zaɓa da kanta, da hular takarda mai lamba bakwai da aka yi mata a makaranta. Na jera kujeru da'ira a falo, na kawo kek mai ruwan hoda, da yankakken cuku da kokwamba a faranti. Kowa ya shigo sai ya zagaya yana miƙa hannu: barka da 'yarki, barka da jikarka, barka da 'yar maƙwabciyarki. Pake Douwe, mijin Beppe, ya zauna kusa da kek. Auke, ƙanin Wiebe, ya kurɓi gahawa ya yamutsa fuska.

"Jildou, wannan gahawa ce ko ruwan wankin safa?"

"In ba ka so ka ba fulawar, ta fi ka godiya."

"Fulawar ma ta mutu, matar yaya. Yanzu na gane abin da ya kashe ta."

Aka yi dariya, Beppe ta make hannun Pake da ya miƙa yanka na biyu. Bayan an buɗe kyaututtuka sai aka zo abin da muke yi kowace shekara: kallon hotunan Papa. Auke ya juyo da allon ya fuskanci da'ira, ya ɗora Hiske a cinyarsa, ta danna furen. Ga Wiebe riƙe da ita tana jaririya, bakinsa a buɗe kamar an ba shi kyautar gari. Ga shi a kan ƙanƙara, yana tura ta a kan kujera. Beppe ta fito da hankicinta.

Sai ƙara ta tashi. Wani ɗan akwati ya fito a kusurwar allon.

"T... je... Tjerk," Hiske ta karanta. "Malam Tjerk ne!"

Ina can gefen da'irar da butar gahawa a hannu. Kafin in ajiye ta, Auke ya ce, "Mai taya murna ne, a bar shi ya shigo," ya danna koren ɗigon amsa kira.

Fuskarsa ta cika rabin allo, da hancinsa da komai, sanye da hular takarda shi ma. Ya rera waƙar ranar haihuwa da wata muguwar murya, Hiske na tafi tana ƙyalƙyala. Da ya gama ya gyara zama ya bi da'irar kamar yana cikin ɗakin.

"Barka da jikarki, Beppe. Barka da jikarka, Pake. Na daɗe ina so mu gaisa."

Beppe ta sauke hankicin. "Malamin iyo yana kiran gidajen yara duka ne ranar haihuwarsu? Lallai kuna da lokaci."

Na tsallake ƙafafun mutane, gahawa ta zube mini a riga, na fizge linzamin daga hannun Auke. Cikin ruɗewa ban nemi wurin katse kiran ba. Hannuna ya je inda ya saba, na danna jan ɗigo. Fuskarsa ta ɓace, hoton Wiebe ya dawo ya cika allon, yana dariya a kan ƙanƙara. Na sauke numfashi.

"Jildou?" Muryar ta fito tar daga cikin kwamfutar. "Hoto ya ɗauke, amma ina jin ku."

Na kai linzami kantar Papa, in dawo da tagar in katse shi. Babu hoton. Na kai sama, inda ake kashewa. Babu sunan. Na buɗe wurin bincike, na rubuta shirme, na goge, na sake rubuta shirme.

"Ba komai, muryar ma ta isa," in ji shi. "Hiske, Mama ta gaya mini kin yi murna da kika ji labarinmu, ni da ita. Ina so ki ji daga bakina. Ba zan taɓa zama Papa ba, Papa ɗaya ne. Amma ina son Mamarki ƙwarai, kuma ke ma..."

Masu karatu, ku ƙaddara wannan a ranku. Fuskar mijina a allo, muryar wani na fitowa daga cikinta, uwarsa da ubansa da ƙaninsa na zaune, 'yarsa na kallo. Na durƙusa ƙarƙashin teburin na fizge wayar wuta daga bango.

Allon ya yi baƙi. Tun rasuwar Wiebe ba a taɓa kashe kwamfutar nan ba.

"Papa!" Hiske ta ƙwala ihu.

Ba wanda ya motsa. Ana jin ƙarar cokalin maƙwabciyata da ta ajiye a hankali. Na fito daga ƙarƙashin teburin da rarrafe, da wayar wutar a hannuna, na tarar Hiske ta sauka daga cinyar Auke tana tsaye a gabana. Hularta ta karkace. Ba kuka take ba, kuma da kukan ta yi da ya fi mini sauƙi.

"Mai ruwan lemon nan," ta ce. "Shi ne?"

"Shi ne."

"Kin ce na aiki ne."

"Na ce haka."

"Ya tafi daga kantar Papa. Na duba kullum."

"Bai tafi ba, Hiske. Ɓoye shi na yi."

"Don kar in gani?"

Na gyaɗa kai.

Beppe ta miƙe ta tafa hannu sau ɗaya. "To jama'a, gahawa ta ƙare. Mun gode. Auke, ɗauko wa mutane rigunansu." Cikin ɗan lokaci falo ya zama kujeru kawai. Auke ya dafa kafaɗata zai wuce, ya buɗe baki, karon farko a rayuwarsa ya rasa abin tsokana.

Na bi Beppe kicin. Tana nannaɗe sauran kek ɗin, ko kallona ba ta yi ba.

"Ranar Laraba na tambaye ki."

"Beppe, don Hiske na..."

"Kar ki ɗora wa yarinya. Mutumin da alama mai kirki ne, waƙa ce dai bai iya ba. Da kin kawo shi, da na ba shi kujera kusa da Pake. Ke kika mai da shi abin kunya, shi bai san ma an mai da shi ba." Ta rufe robar. "Ta ce a gidanmu za ta kwana. Ban ce ki hana ta ba, ban ce ki bar ta ba. Ke ce uwa."

Na hau sama na haɗa mata jaka da kaina: kayan barci masu zanen kifi, buroshi, zomonta mai kunne ɗaya, da safa mai kauri don gidan Beppe akwai sanyin ƙasa. A bakin mota na durƙusa zan zuge mata zif, ta ja baya ta zuge da kanta.

"Ki fitar da shi daga kwamfutar Papa," ta ce. "Duka. Ba ɓoyewa ba."

Na tsaya a bakin titi ina ɗaga hannu har motar ta sha kwana. Pake ne kaɗai ya ɗaga mini.

Na koma ciki na mayar da wayar wuta. Allon ya daɗe kafin ya haska, ina tsaye ina tunanin in hotunan sun lalace me zan ce mata. Suna nan. Na nemo manhajar a can inda ake ajiye su duka, na kama ta da linzami, na fara ja zuwa kwandon shara. Ina tsakiyar hanya ɗan akwatin ya sake fitowa a kusurwa, don ashe ta tashi da kanta tare da kwamfutar. Farkon saƙon kawai ake gani.

*Jildou, yanzu na gane. Abu ɗaya zan tambaye ki, in kin amsa mini...*

Danna ɗaya, da na karanta sauran. Na tsaya da yatsana a kan linzamin har ya fara ciwo. Sai na ƙarasa ja, na saki, na zubar da sharar. Ta yi wata ƙara kamar an murƙushe takarda.

Na kira gidan Beppe kafin su zauna cin abinci. Na ji tana cewa, "Mamarki ce. In ba kya so, ba dole." Can sai na ji numfashin Hiske a wayar.

"Na fitar da shi," na ce. "Duka. Hotunan Papa suna nan, ba abin da ya same su."



"Hiske, kina ji na?"

"Mama, Malam Tjerk ya san kin ɓoye shi?"

Ƙarya ta zo har bakin harshena, ƙarama, mai sauƙi, irin wadda za ta sa ta yi barci. Na haɗiye ta.

"A'a. Shi ma ƙarya na yi masa. Na ce masa na gaya miki, kin yi murna."

Ina jin ƙarar faranti a bayanta, da Pake yana tambayar ina aka kai sauran kek.

"To shi ma ba zai yi miki magana ba," ta ce, ta ajiye wayar.